Golmon Malamin Teku

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti, ina wuni da ido a madubin gwaji ina neman ƙwayar zazzaɓi a jinin mutane. Na haura talatin ban yi aure ba, matan cocinmu har sun gaji da sa ni a addu'a. Sai ga wani da muka yi firamare tare ya dawo gida daga ƙasar waje, da gilashi a ido da kwamfuta a jaka, ya ce ni yake so. Ni ma ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Hutun shekara guda aka ba shi ya rubuta sakamakon bincikensa, in shekarar ta cika dole ya koma bakin aiki, ko da ni ko ba ni.

Aikin nasa ne ya ɗaure wa kowa kai. Teku yake karanta, shi da ya tashi a gindin duwatsun Zuru yana wanka da ruwan rijiya. Kuma ba kifi yake bi ba, ba jiragen ruwa ba. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda suka cika ruwan teku. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ya zaunar da ni a barandar gidan yayarsa, ya buɗe kwamfutar ya nuna mini taswirar duniya, an yanka tekun gida-gida kamar ramukan dara. A kowane gida akwai abin da aka auna: zafin ruwa, hasken rana, da abincin da ke narke a ciki. Kwamfutar ce za ta yi lissafi ta faɗi wace halitta ce za ta iya zama a wannan gida, wace ce za ta ƙare, da yawan da zai nitse ƙasa in sun mutu. Ya ce su ne ke zuƙe iskar kabon daga sama su kai ta ƙasan teku, su ne ke jujjuya abincin ruwa daga wannan siffa zuwa waccan, kuma babban kaso na iskar da muke shaƙa daga gare su take fitowa.

Na ce, "To kai ka taɓa ganinsu da idonka?"

Ya yi dariya ya ce ba sosai ba, wasu ne ke shiga jirgi su ɗebo ruwa su auna, shi lambobi kawai ake turo masa. Na ce lallai, kiwo daga nesa ke nan. Daga ranar nake kiransa malamin teku, kuma sunan ya bi shi har ƙauyenmu.

Babana tsohon soja ne, ya bar aiki yana saje, ya dawo ƙauyenmu da ke kan hanyar Mahuta ya kama noma da shanun huɗa guda biyu, baƙi da ja. Mutum ne mai magana ɗaya, in ya faɗa ya gama. Da dangin saurayina suka zo neman aure ya karɓe su hannu bibbiyu, aka ci aka sha, amma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Bayan sun tafi ya aika a kira masa saurayin shi kaɗai. Ni ina tsakar gida ina tsince shinkafa, kunnena kuwa yana can zaure.

A al'adarmu ta dā, saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato shi da abokansa su yi wa uban yarinya noma har shekara bakwai. Baba ya yi wa kakana, kuma har ya tsufa bai daina ba da labarin ba. A lokacinmu yawancin gidaje sun bari, makaranta da coci da aikin soja sun ture al'adar gefe. Baba dattijon coci ne, shi ke karɓar baiko, amma a kan golmo babu fasto ɗin da ya isa ya canza masa ra'ayi.

Na ji ya ce, "An ce min ruwa ka karanta."

"E, Baba. Teku."

"Teku na san shi. Sadda anka ɗauke mu a jirgi muna soja, amai na yi tun daga tashi har sauka. Ba shi nike tambaya ba. Hannunka wanga na gani, bai iya fartanya, to ba ni sa ka noma. Ga tafkinmu can ya lalace, shina kashe muna awaki. Ka gyara shi, shi ne golmonka. Ran da shanuna sunka sha ruwan nan lafiya, ka zo ka ɗauki ɗiyata."

Ban san lokacin da na ture tiren shinkafa na faɗa zauren ba. Na ce, "Haba Baba, ni akuya ce da za a haɗa aurena da tafki?"

Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ke, koma ciki."

Malamin teku kuwa, maimakon ya nemi a sassauta, sai na ji ya ce, "To, Baba, na karɓa." Har da murmushinsa. Shi a ganinsa mutumin da ya saba da tekun duniya, ɗan tafkin ƙauye ba zai gagare shi ba. Ni na san Baba, na kuma san tafkin, don haka tun a ranar na san aikin ba mai sauƙi ba ne.

Mutane sun sha tambayata me ya hana ni yin aurena kawai, tunda ni ba yarinya ba ce kuma da albashina. Amsar ita ce ba zan iya ba. Baba ya sayar da kekensa ya kai ni makarantar koyon aikin asibiti lokacin da 'yan'uwansa ke cewa asara ce. Ina iya yi masa tsiwa daga safe har yamma, kuma ina yi, amma in shiga coci da farar riga ba hannunsa a cikin nawa, wannan ƙafata ba za ta ɗauke ni ba.

Tafkin ba na asali ba ne. Rami ne da masu aikin hanya suka haƙa suka ɗebi ƙasa tun ina ƙarama, suka tafi suka bar shi, ruwan sama ya mayar da shi tafki. Yana gindin gangare, gonakin ƙauyen duk suna samansa, hanyar mota tana ƙasansa. Shi kaɗai ke riƙe ruwa har bazara, don haka dabbobin ƙauye uku a nan suke sha. Muna yara har iyo muke yi a ciki. A 'yan shekarun nan sai ya fara yin kore in zafi ya tsananta, kore mai kauri kamar an kwaɓa kuka, da wari mai hawa kai. Akuya ta sha da safe, kafin rana ta take ta miƙe ƙafa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce guba aka zuba, fasto ya zo ya yi addu'a a bakin ruwan, kore dai bai fasa ba.

Da zafi ya fara a shekarar, malamin teku ya ɗebo ruwan a kwalba ya kawo mini asibiti. Na ɗiga a gilashi na sa a madubi na leƙa. Wasu zarurruka na gani masu kore, kamar tsakiya da aka shirya a zare, can da can akwai ƙwaya ɗaya da ta fi sauran girma da haske. Na matsa masa ya leƙa. Sai mutumin nan ya kama tsalle a ɗakin gwaji har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Wai 'yan'uwan waɗanda yake lissafi a teku ne, dangi ɗaya, ga su a bayan gidan surukinsa. Ya ce wannan babbar ƙwayar ita ce ke zuƙo naitirojin daga iska, sinadarin da ke sa ganyen dawa ya yi kore, ta ciyar da sauran.

Na ce, "To ka daina rawa ka faɗa mini yadda ake kashe su."

Nan murnar ta ragu. Ya ce ba a kashe su, in an zuba magani suka mutu gaba ɗaya, gubar da ke cikinsu ce za ta fashe ta gauraye ruwan. Yunwa ake sa musu. Amma tunda rabin abincinsu daga iska suke ɗauka, ba mai iya hana su shi. Saura ɗaya, fosfaras, wanda ke cikin takin zamani da kashin shanu da sabulun wanki. In an hana shi shiga tafkin za su ragu da kansu.

Ya kama aiki tuƙuru. Ya ari ma'aunin zafi a wajena, ya karɓi wani farin faranti na Mama ya huda shi ya ɗaura igiya. Kullum da hantsi yana bakin tafki yana zura farantin cikin ruwa har ya ɓace masa, sai ya auna tsawon igiyar, da haka yake gane kaurin koren. Mata masu zuwa wanki suna ta ƙyalƙyala dariya, wai malamin teku yana ba aljanun ruwa abinci. Da yamma ya koma Zuru, in an kawo wuta ya zuba abin da ya samu a kwamfuta. Tafkin namu ya zama gida ɗaya tak a allonsa, shi da ya saba da dubbai. Kafin wata ya ƙare yana iya cewa jibi koren zai taso, iska za ta turo shi gefen da dabbobi ke sha, kuma haka za a yi. Mutane suka fara jin maganarsa, suna kore awakinsu a ranakun da ya faɗa. Sai dai faɗin ranar da ruwa zai ɓaci daban, gyara shi daban, kuma Baba gyara ya ce.

Wata Lahadi ya roƙi manoman da gonakinsu ke saman tafkin su tsaya bayan sujada. Aka zauna a gindin ɗorawa, ya yi musu bayani da Hausa, inda ta ƙi ya juya da yarenmu na C'lela. Ya ce takin zamanin da suke zubawa, ba duka shuka ke ci ba, ruwan sama yana wanko saura ya kawo tafki. Ya roƙe su su rage, ko su bar gefen da ke kusa da ruwa ba taki. Suka saurare shi tsaf, ba wanda ya katse shi. Da ya gama wani tsoho ya gyara zama ya ce, "Ɗana, mun ji, kuma gaskiya ka faɗi. Amma ƙasar ga ta gaji. In ba mu sa taki ba, dawa ba ta kai gwiwa. Mi za mu ba yara, ruwa mai kyau?"

Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya ɗaga murya. Da faɗa aka yi da na samu wanda zan zaga in huce. Kowa ya yi masa godiya, aka watse, na bi bayansa muka tafi.

Dabara ɗaya ta rage masa. Ya ce fosfaras ɗin shekara da shekaru yana kwance a cikin laka a ƙasan tafkin, daga nan halittun suke ci ko da ba a ƙaro sabo ba. In aka bari ruwa ya ja baya a ƙarshen bazara, aka kwashe lakar da ta fito fili, aka kai ta ƙasan hanyar mota inda ruwan sama zai tafi da ita gaba, to an rage musu rumbu. Ba zai warke a shekara ɗaya ba, amma wataƙila ya yi sauƙin da shanu za su sha.

Ya bi abokansa na yarinta gida-gida, da mazan ƙungiyar coci, suka fito da shebur da kwanduna da baro. Wannan kam ya yi kama da golmo na gaske. Ana waƙa, ana tsokanar juna, Mama da maƙwabtanta suna dama kunu a babbar tukunya. Malamin teku ya tuɓe riga ya shiga laka har cinya. Ranar farko tafin hannunsa ya yi bororo, rana ta biyu ya fashe, ni ce nake wanke masa ina naɗe masa bandeji ina yi masa masifa. Baba yana tsaye a bakin gaɓa da sandarsa kamar mai duba fareti, daga baya na ga ya yanka zakara ya ce a kai wa yaron. A lokacin na fara sa rai, har na je kasuwar Zuru na taya yadin farar riga a ɓoye.

Lakar baƙa ce ƙirin, mai danƙo, mai wari. Aka tara ta tsibi guda a gefen tafkin, da nufin ta ɗan bushe ta yi sauƙin ɗauka kafin a tsallaka da ita hanya. Ana cikin haka aka matsa masa daga wajen aikinsa ya turo wani ɓangare na lissafin teku. Shagon intanet na Zuru a lokacin sai ka ci abinci ka dawo shafi ɗaya bai buɗe ba, don haka ya tafi Sakkwato ya ce zai yi kamar mako biyu. Kafin ya tafi ya sake faɗa wa Baba a gabana, ƙasan hanya za a kai ta. Baba ya ce ya ji.

Ni kuma aiki ya riƙe ni a asibiti, sai ranar Asabar na hau kabu-kabu na je ƙauye. Ina sauka na ga babu tsibin laka. Na ji daɗi, na ce Baba ya rage wa yaron aiki. Na leƙa ƙasan hanya, ban ga komai ba. Na ɗaga kai sama, sai na hango gonarmu ta yi baƙi daga wannan gefe zuwa wancan, da ta maƙwabta guda biyu.

Na same shi yana ba shanu dusa, fuskarsa fal da fara'a. Na ce, "Baba, ina lakar?"

"Na kai gona. Ni da baƙin nan da jan nan munka kwashe ta da amalanke, sauran na ba maƙwabta."

"Baba, ƙasan hanya aka ce! Ƙasan hanya!"

"Ke, wa ya taɓa zubar da taki irin wanga a daji? Kin ga baƙinta kuwa? Yaron ya ce a fitar da ita daga ruwa, to ta fita. Har da nisa na kai ta."

Na yi ihu, na yi kuka, na faɗi maganganun da Mama ta rufe mini baki da hannu. Shi bai ma gane abin da ya tayar mini da hankali ba. A iya saninsa na manomi alheri ya yi, ya cece taki daga asara, ya kuma taimaki surukinsa da ɗauka. An riga an baza ta, an bi da garma an juye, ba hannun da zai iya tsince ta. Gabas kuma ta fara haɗa hadari.

A ƙauyenmu sai an hau wani dutse ake samun layin waya. Na hau, na kira malamin teku, na faɗa masa. Ya ce, "Gonar da ke saman tafkin?" Na ce ita. Ya ce, "To."

Yana dawowa aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Muka tsaya ni da shi a ƙarƙashin laima ɗaya a bakin hanya, muna kallon baƙin ruwa yana gangarowa ta kwazazzaban gonarmu yana shiga tafkin. Hannunsa ko gama warkewa bai yi ba. Ba wanda zan kai ƙara, ba abin da zan tare, ruwa ne yake bin gangare yadda ya saba.

Dawar Baba ta yi kyau a daminar nan irin wanda ba ta taɓa yi ba. Duk baƙon da ya zo sai ya ja shi gona ya nuna masa. Ni kuwa ko kallonta ba na son yi.

Malamin teku ya zuba sabon lissafi a kwamfuta, ya maimaita ya sake maimaitawa, amsar ba ta canza ba. Ya je ya durƙusa gaban Baba ya ce, bana koren ba zai jira bazara ba, ruwan sama yana ɗaukewa, tafki ya kwanta, zai taso, kuma zai fi na bara. Ya roƙe shi kada shanun su kusanci wurin. Bai ambaci laka ba ko da wasa, ni ce na so in ambata ya harare ni. Baba ya dube shi ya dubi ƙasa. Ina jin a lokacin ne ya gane da kansa, don daga ranar ya daina kai baƙi gona.

Baba ya bi maganar. Ya koma jan ruwa a rijiyar unguwa yana ba shanun. Duk wanda ya taɓa shayar da bijimi da guga ya san aikin, balle biyu, balle ga tsoho mai ciwon kafaɗa. Rijiyar kuma ta kowa ce, in ya ja na shanu sai ta yi ƙasa ta gurɓace, mata su tsaya da bokitai suna gunaguni. Ranakun hutuna nakan zo in kama masa, malamin teku ma yana zuwa, amma shanu kullum suke sha, mu kuwa ba kullum muke nan ba. Watannin hutun malamin teku suna ta tafiya, daga wajen aikinsa an fara tambayar ranar dawowa. Na daina zancen aure da shi, shi ma ya daina, muna zama mu yi ta hirar zazzaɓi da farashin fetur.

Koren ya taso da kaka, yadda ya faɗa. Ran nan Baba ya wuni yana jigilar dawa da amalanke cikin rana. Da la'asar ya kwance shanun a ƙofar gida zai ɗaure su ya je jan ruwa. Ya ɗaure jan, ya juya zai kama baƙin, baƙin ya fizge igiya ya nufi tafki a guje, hanyar da ya sani tun yana maraƙi. Baba ya bi shi yana kira, ya faɗi ya tashi, kafin ya isa bijimin ya tsoma baki a daidai gefen da iska ta tara koren.

Aka hau dutse aka kira ni, na kira malamin teku, muka iso a kan babur ɗaya. Muka tarar da bijimin a kwance a bakin hanya, jikinsa yana rawa, kumfa tana fita ta baki. Baba yana zaune a ƙasa ya ɗora kan bijimin a cinyarsa. Ina da jakar aiki a kafaɗa, da allura da auduga da maganin zazzaɓi, ba ɗaya da zai yi amfani. Shi kuma yana da sunan gubar a bakinsa, ya san yadda take bin jijiya ta tsayar da numfashi, ya san ba ta da makari. Muka tsaya kawai. Kafin rana ta faɗi ya daina motsi.

Wasu suka kawo wuƙa a yanka ko nama a samu, malamin teku ya roƙe su kada a ci. Aka haƙa rami aka binne. Baba da kansa ya riƙe shebur, ya hana kowa ya karɓa. Da bijimi ɗaya ba a huɗa, kowa a wurin ya san da haka.

Bayan 'yan kwanaki ya aika a kira mu, mu biyu. Muka same shi a zaure da safe, gwiwarsa ɗaure da bandejin da na sa masa. Wannan karon bai kore ni ba. Muka gaishe shi muka zauna a tabarma.

Ya ce, "Yaro, injin nan naka da ke faɗin gobe. Tambaye shi, shekara nawa kafin ruwan ga shi gyaru?"

"Na tambaya, Baba."

"Mi ya ce?"

Na ɗan taɓa ƙafar malamin teku da tawa, ina roƙonsa a zuci ya sassauta, ya ce baɗi, ya ce Allah ne masani, ya ce komai. Bai dube ni ba. Ya ce, "In kowa ya daina sa taki a saman gangaren, zai ɗauki shekaru masu yawa. In ba a daina ba, ba zai gyaru ba, Baba. Kuma na san ba za a iya dainawa ba. Na kasa aikin da ka ba ni."

Na sunkuyar da kai. Na san Baba, magana ɗaya gare shi, kuma ya riga ya faɗe ta. Na fara tunanin yadda zan raka malamin teku tasha in dawo ɗakin gwaji in ci gaba da leƙa jini.

Baba ya daɗe yana murza gemunsa. Ya ce, "Can inda kake zaune, ruwan sha fa?"

"Na famfo ne, Baba. Yana zuwa har cikin ɗaki."

"Kullum?"

"Kullum."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ɗauke ta ku tahi. Ba don ka gama golmo ba, ba ka gama ba. Ni ne ba ni da ruwan da zan ba jikokina a nan."

Shekara guda ina jiran ya ce a ɗauke ni, amma ba ta haka na so in ji ba, daga bakin Baba da ya karaya. Na tashi ban yi godiya ba, na fita na zagaya bayan rumbu na durƙusa ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Mama ta biyo ni ta tambaya ko ya yarda, na gyaɗa mata kai. Ta ɗauka kukan murna ne, ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fara shigowa suna yi mini barka.